Daga Allo Zuwa Kwamfuta: Waiwaye a Kan Kayan Koyarwa da Hujjar Amfaninsu a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka zauna bitar manhajar Hausa, da wuya a tashi ba a sami wanda ya ce babbar matsalarmu ita ce rashin kayan zamani ba. A da can rediyo ake nufi, daga baya aka koma talabijin, aka koma kwamfuta, yanzu kuma ana maganar wayar hannu da ƙirƙirarriyar basira. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, domin duk wanda ya taɓa shiga aji mai yara ɗari da malami guda da guntun alli ya san ana bukatar agaji. Sai dai kuɗin ilimi ƙayyadadde ne. Abin da aka kashe wajen sayen na'ura an hana shi littafi ko horar da malami, kuma yaron da ya wuce aji uku na firamare bai iya karatu ba, da wuya ya cim ma tsararsa.

Wannan ne ya sa muka ga dacewar yin waiwaye, wanda Hausawa suka ce adon tafiya ne. Za mu bi tarihin kayan koyarwa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, muna yi wa kowanne tambaya biyu: me aka ce zai yi, kuma wace hujja aka samu cewa ya yi? Inda nazarin gida bai wadatar ba, za mu leƙa ƙasashen da aka gwada irin kayan da ake tallata mana. Matsayinmu shi ne, tarihin nan bai nuna wata na'ura da ta koya wa yaro karatu ita kaɗai ba. Duk inda aka ga ci gaba, akan tarar da darasi tsararre cikin harshen da yaro ke ji, a hannun malamin da aka horar kuma ake auna aikinsa.

2.0 Allo da Tawada

Kayan koyarwa na farko da ƙasar Hausa ta sani su ne allo da tawada da alƙalamin gamba. Sun daɗe suna aiki kafin zuwan Turawa, har Gwamna Lugga ya ƙiyasta cewa a wajen 1914 akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, masu almajirai sama da 200,000. Ba mu kawo allo a nan don ƙawa ko begen jiya ba. Mun kawo shi ne saboda tsarin da ke tattare da shi.

Abu na farko, karatun allo hawa-hawa ne. Yaro yakan fara da babbaƙu, wato baƙaƙe ba wasali, sannan ya shiga farfaru inda ake ɗora musu wasula, kafin ya kai ga haɗa kalma. Abu na biyu, kowane almajiri da inda allonsa ya tsaya. Yara hamsin za su zauna gaban malami ɗaya, amma ba a jan mai rauni a kai shi inda bai isa ba, ba a kuma tsare mai hazaƙa ya jira na baya. Abu na uku, wanda ya fi shafar wannan nazari, ba a wanke allo sai almajiri ya biya wa malam karatunsa ya gamsu. Wato dai malamin allo ba ya ƙara darasi sai ya ga hujjar cewa na jiya ya zauna.

Tsarin yana da iyakarsa, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Almajiri yakan iya furta abin da ke kan allo tsaf ba tare da ya san ma'anarsa ba, domin da Larabci aka rubuta. Fahimta takan zo ne a makarantar ilimi, inda malami ke karanta littafi yana fassarawa da Hausa jimla bayan jimla. Malaman zaure sun gane da kansu cewa iya furuci daban, fahimta daban, kuma harshen gida ne gadar da ke tsakani.

3.0 Zamanin Ɗab'i

Bayan Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, sai aka fuskanci wata matsala: an koya wa yara haɗa baƙi, amma babu abin da za su karanta. Don magance haka aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dakta Rupert East. Gasar da aka shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da sauransu. Magana Jari Ce ya biyo baya daga 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairu 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945.

Tunanin da ke bayan wannan aiki mai sauƙi ne. Mutum ba ya ƙwarewa a karatu sai ta hanyar yawan karantawa, kuma ba zai yawaita karantawa ba sai an ba shi abin da ke jan hankalinsa. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta bi wannan layi, ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, domin wanda ya fito daga ajin manya ya sami abin riƙewa kada karatun ya gudu. An rufe NORLA a 1959 saboda matsalar kuɗi da wahalar isar da littattafai ga masu saye.

Idan aka tambayi hujjar wannan zamani, abin da aka fi kawowa shi ne yawan azuzuwan da aka buɗe, da takardun shaidar da aka raba, da kwafin da aka buga. Waɗannan alƙaluma suna nuna ƙoƙarin hukuma, amma ba su nuna mutum nawa ne ya ci gaba da karatu bayan shekara biyar ba. Wannan ɗabi'a ta ƙirga abin da aka raba a maimakon abin da aka koya ta bi mu har cikin rahotannin ma'aikatun ilimi na bayan 'yancin kai.

4.0 Majigi

A 1913 Thomas Edison na Amurka ya yi hasashen cewa nan ba da daɗewa ba littafi zai zama tsohon yayi a makarantu, domin fim zai koyar da komai. Wannan fata ta iso mana a cikin motar majigi, wadda ke shiga gari da yamma a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa jama'a fim a kan tsabta ko noma ko biyan haraji, wani ma'aikaci yana bayani da Hausa ta lasifika.

Jagoran wannan aiki shi ne William Sellers, wani jami'in lafiya da ya yi aiki a Legas, wanda aka ba shugabancin sashen shirya finafinan ƙasashen mulkin mallaka na Ingila a 1939. Sellers ya yi imani cewa mutanen karkara ba za su iya bin fim irin na Turai ba, don haka ya shimfiɗa ƙa'ida cewa a riƙa yin finafinan a hankali, ba yawan sauya hoto, ba dabarun kyamara. An shafe fiye da shekara goma ana aiki da wannan ƙa'ida ba tare da an gwada ta ba. Sai a farkon shekarun 1950 aka tura wani masanin halayyar al'umma, Peter Morton-Williams, ya zauna da masu kallo a ƙauyukan Yarabawa da Hausawa da Ibo da Birom, yana sauraren abin da suke faɗa yana yi musu tambayoyi. Ya tarar mutane suna gane fim sarai, kuma ba sa daɗewa kafin su saba da dabarunsa. Abin da bai tarar ba shi ne shaidar cewa kallon fim kaɗai yana sauya yadda mutane ke gudanar da rayuwarsu. An rufe sashen a 1955.

Darasi biyu ne a nan. Masu tsarawa sun raina basirar mai koyo, sun kuma zuzuta ƙarfin na'ura, kuma kuskuren biyu sun daɗe ne saboda babu wanda ya je ya tambayi mai kallo.

5.0 Talabijin da Rediyo a Cikin Aji

Gwaji mafi girma na koyarwa da na'ura a yankinmu an yi shi ne a Jamhuriyar Nijar. A lokacin samun 'yancin kai a 1960 ƙasar tana cikin waɗanda suka fi ƙarancin yara a makaranta da ƙarancin malamai a duk Afirka. Da taimakon Faransa aka fara talabijin na makaranta a Yamai a 1964. Shirin ya kai ajujuwa 22 masu yara kimanin 800. Ƙwararru suna shirya gajerun darussa a ɗakin watsa shiri, a cikin aji kuma akwai mai kula wanda iliminsa bai wuce na firamare ba, an ba shi ɗan horo domin ya ja ragamar yara bayan an kashe akwatin.

Waɗanda suka ziyarci ajujuwan sun yaba. Yara suna zuwa makaranta da marmari, ba a cika samun masu gudu ba, kuma bakinsu ya buɗe da Faransanci. Amma shirin bai taɓa bazuwa yadda aka tsara ba. Kuɗin shirya darussa yana da yawa, an dogara da ƙwararrun waje, kuma yaran da suka fito daga ajin talabijin dole su zauna jarrabawar da aka tsara wa makarantun da aka saba. A ƙarshen shekarun 1970 aka nannaɗe tabarmar shirin, kayan aikinsa suka koma gidan talabijin na ƙasa. Ƙasar Kodebuwa ta ɗauki irin wannan tsari a 1971, ita kuwa ta baza shi har ya kai ga ɗaruruwan dubban yara, amma ta soke shi a 1982 bayan iyaye da malamai sun yi ta kukan cewa yara sun iya magana amma rubutunsu ya yi rauni. Abin lura shi ne, a ƙasashen biyu an sauya na'urar koyarwa amma an bar harshen koyarwa yadda yake. Yaron da ke jin Hausa ko Zabarmanci a gida, da Faransanci akwatin ke yi masa magana tun ranar farko.

Rediyo, wanda ya fi araha, shi ya bar hujja mafi ƙarfi, amma daga nesa. Daga 1974 zuwa 1979 masana daga Jami'ar Stanford suka gudanar da shirin koyar da lissafi ta rediyo a ƙasar Nikaraguwa. An raba ajujuwa gida biyu, wasu suna sauraro wasu ba sa yi, aka kuma auna su da jarrabawa iri ɗaya. Yaran rediyo sun yi fice ƙwarai. Sirrin yana cikin yadda aka tsara darasin: muryar rediyo takan yi tambaya ta dakata, yara su amsa da baki ko su rubuta, sannan ta ba su amsar daidai, haka har ƙarshen darasi. Ana kuma zuwa aji a ga inda yara suka tuntuɓe domin a gyara darussan gaba. Harshen shirin kuwa Sifaniyanci ne, wanda yaran ke magana da shi a gida.

Irin wannan sakamako ne ya sa Richard Clark ya kafa hujja a 1983 cewa na'ura tamkar motar dakon abinci ce: ita ke kawo kayan, amma ƙoshi da lafiyar jiki daga abincin suke. Wasu masana, musamman Robert Kozma, sun mayar masa da martani cewa akwai abin da wata na'ura ke iyawa wanda wata ba ta iyawa. Duk da haka, babu wanda ya musanta cewa sai an duba abin da aka ɗoro wa motar.

6.0 Gwajin Harshen Koyarwa

A daidai lokacin da ake kashe kuɗi a kan talabijin, an yi wasu gwaje-gwaje biyu da ba su bukaci wutar lantarki ba. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara shirin firamare na shekara shida, inda aka koyar da dukkan darussa da Yarabanci, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa. Aka kwatanta waɗannan yara da waɗanda suka koma Turanci bayan aji uku. Rahoton shirin ya nuna cewa yaran Yarabanci ba su gaza a Turanci ba, kuma sun yi daidai ko sun fi takwarorinsu a sauran darussa. Adalci ya sa mu ambaci sukar da aka yi wa wannan gwaji: ajin gwaji na farko ya sami ƙwararren malamin Turanci na musamman, don haka ba a iya cewa harshe kaɗai ne ya kawo bambancin. Hujjar da ke goyon bayan ra'ayinmu ma sai an tankaɗe ta.

A Nijar kuwa, an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, daga baya aka ƙara da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye. Awon da aka yi a shekarun baya ya nuna cewa yaran da suka fara karatu da harshen gida sun fi iya karatu, har a Faransancin ma ba a bar su a baya ba. Amma makarantun sun shafe shekaru da dama da sunan gwaji, adadinsu bai wuce 'yan gomiya ba.

A Nijeriya, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko na muhalli. A watan Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita hakan zuwa dukkan shekaru shida na firamare, a watan Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilimi ya sanar da janye manufar, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawar kammala sakandare. Ba hurumin wannan babi ba ne ya yanke hukunci a kan manufa. Abin da za mu ce a matsayin masu nazari shi ne, yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023 ba zai zauna waccan jarrabawa ba sai wajen 2035, kuma sakamakon jarrabawar ƙarshe ba ya iya rarrabe tasirin harshe daga tasirin talauci, da cunkoson aji, da rashin littafi.

7.0 Kwamfuta da Wayar Hannu

A 2005 Nicholas Negroponte ya sanar da shirin bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka mai araha, bisa tunanin cewa yaro zai koya wa kansa idan aka sa na'ura a hannunsa. An gwada shirin a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja a 2007, amma babban cinikin da aka yi ta magana a kai bai tabbata ba. Ƙasar Peru ce ta saya da yawa, kuma a can aka yi awo na haƙiƙa. An zaɓi makarantun karkara 319, aka yi ƙuri'a wajen tantance waɗanda za su samu. Sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna cewa bayan wata 15 yara sun iya sarrafa kwamfuta, an kuma ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da harshe babu bambanci tsakaninsu da waɗanda ba su samu ba. Ba a haɗa na'urar da manhajar karatu ba, malamai kuma ba su sami isasshen horo ba.

Kada a ɗauka na'ura ce kaɗai ke faɗuwa irin wannan jarrabawa. Wani nazari da aka buga a 2009 ya nuna cewa raba littattafan karatu a makarantun yammacin Kenya bai ɗaga makin yawancin yara ba, sai na 'yan ƙalilan da dama su ne kan gaba. Dalili kuwa shi ne da Turanci aka rubuta littattafan, harshe na uku ga yawancin yaran, kuma sun fi ƙarfin karatunsu. A ƙasar dai, a yankin Kisumu, an gwada hanya uku a kan wani shirin koyar da karatu mai tsari: a ba yara na'urar karanta littafi, ko a ba malamai ƙaramar kwamfutar hannu, ko a ba jami'an da ke zagayawa suna taimaka wa malamai. Duka ukun sun fi makarantun da ba sa cikin shirin, amma ba a ga wani fifiko ga hanya mafi tsada ba. Wadda ta fi biyan kuɗinta ita ce ta jami'an zagaye.

Akwai kuma misali daga ƙasar Hausa da ke nuna inda na'ura ta yi rana. A 2009 da 2010 an gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci da Hausa da Zabarmanci a ƙauyuka 113 na jihohin Dosso da Damagaram. Dukkan ƙauyukan sun sami malami da darasi iri ɗaya, amma a wajen rabinsu, da aka zaɓa ta ƙuri'a, an ƙara koya wa ɗalibai amfani da wayar hannu mai sauƙi. Jenny Aker da abokan aikinta suka tarar waɗannan sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma bambancin da aka gani a lissafi bai gushe ba watanni bayan rufe aji. Wayar ba ta maye gurbin malami ba. Ta ba ɗalibi dalilin yin rubutu kullum, ya aika wa ɗan'uwa saƙo ko ya tambayi farashin gero, wato aikin da NORLA ta so jaridun larduna su yi.

A ɓangaren Nijeriya, awon karatun yara da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013 ya nuna cewa mafi yawan yaran ƙananan ajujuwa ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba. A 2014 zuwa 2015 aka gwada wani shiri a aji biyu na waɗannan jihohi, wanda bai ƙunshi komai ba sai littafin ɗalibi, da jagoran malami mai darasin kowace rana, da horo, da ziyarar masu taimaka wa malami. Yaran makarantun gwaji sun fi sauran gane sautin haruffa da karanta kalmomi, ko da yake da yawansu ba su kai ga karatu da fahimta ba a ƙarshen shekara. A kan wannan tushe aka gina littattafan Mu Karanta.

Game da ƙirƙirarriyar basira, an yi gwajin mako shida a birnin Benin na jihar Edo a 2024, inda ɗaliban sakandare suka yi darasin Turanci da na'ura bayan tashi daga makaranta, malamai suna tsaye a kansu. Rahoton Bankin Duniya ya nuna ci gaba mai kyau. Amma gwajin gajere ne, da Turanci aka yi shi, da yaran da suka riga suka iya karatu. Bai ce komai a kan ɗan shekara shida da ke koyon baƙaƙen Hausa ba. Rahoton UNESCO na 2023 ya yi gargaɗi cewa ingantacciyar hujja a kan fasahar ilimi kaɗan ce, kuma da yawa daga cikinta daga masu sayar da kayan take fitowa.

8.0 Shawarwari ga Masu Tsara Manhaja

Bisa abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari:

i. Kafin a karɓi kowace na'ura, a nemi sanin darasin da ta ƙunsa. Shin ya bi matakan manhajar Hausa, daga sauti zuwa gaɓa zuwa kalma zuwa jimla? Shin ya kiyaye ƙa'idojin rubutu, musamman baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda keken rubutu ya daɗe yana zubarwa har yaro ya kasa bambance ɓata da bata?

ii. A tambayi mai kawo kaya inda aka gwada shi, da yara masu shekara nawa, da wane harshe, aka kwatanta su da wa, kuma wa ya biya kuɗin awon.

iii. A fara da makarantu kaɗan, a zaɓe su ta ƙuri'a, a auna yara kafin farawa da bayan kammalawa. Awon ba ya bukatar kuɗi mai yawa: a ba yaro gajeren labari ya karanta na minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, a yi masa tambaya a kan abin da ya karanta.

iv. A lissafa kuɗin gyara da wuta da horo na shekara biyar, a kwatanta da abin da kuɗin zai saya na littattafai. Talabijin na Yamai bai faɗi a cikin aji ba, a wajen kasafin kuɗi ya faɗi.

v. Inda kuɗi ya yi kaɗan, a fifita na'urar da ke taimakon malami da mai duba shi a kan wadda za a raba wa kowane yaro.

vi. A ware kaso na musamman don samar da abin karantawa da Hausa daidai da ƙarfin kowane aji, a takarda ko a waya, domin na'urar da babu Hausa a cikinta ba ta da abin da za ta ba ɗalibin Hausa.

9.0 Kammalawa

Mun bi sawun kayan koyarwa daga allo zuwa ɗab'i, da majigi, da talabijin, da rediyo, da kwamfuta, da waya. Mun ga inda aka yi shekaru ana aiki da zato, mun ga inda aka auna aka sami amfani, mun kuma ga inda hujja ta samu amma aka bar shirin ya tsufa da sunan gwaji. Ba muna kira a juya wa fasaha baya ba ne, domin ƙauyukan Damagaram sun nuna tana da wurin zama. Kiranmu shi ne malamai da masu tsara manhaja su riƙe ƙa'idar malamin allo, kada su yarda a ƙara sabon darasi ko a sayi sabuwar na'ura sai an sa yaro ya karanta a gabansu sun ji da kunnensu.